Wa ya tuna shirin hirar matasan nan na yammacin Asabar, wanda ake zama a kan tabarma?

Ɗan Ƙofar Doka:
Salamu alaikum jama'ar Zazzau. Jiya da daddare ina shago ina jiran a kawo wuta sai ƙanina ya shigo da waya a hannu yana kallon wasu yara suna gardama kai tsaye a TikTok kan maganar lefe, kowa na ihu ba mai sauraren wani, ƙarshe ma zagin iyaye aka koma. Sai abin ya tuna mani da shirin nan da aka taɓa yi a talabijin a 2018, wanda ake shimfiɗa tabarma matasa bakwai ko takwas su zauna, maza gefe ɗaya mata gefe ɗaya, wani saurayi da wata budurwa suna gabatarwa. Ƙarfe biyar na yamma ranar Asabar, a maimaita Talata da dare. Wlh duk inda nake in biyar ta kusa sai na nemi gida. Yaran Zariya ne zalla, za ka ga ɗan Tudun Wada, ɗan Muciya, 'yar Gyallesu, wani ma ɗan acaɓa ne daga Kwangila aka zaunar da shi kusa da ɗan jami'a kuma ya fi shi magana mai ma'ana. Kwatsam wata Asabar muka kunna sai muka tarar da tallan maganin gargajiya a filin, ba sanarwa ba sallama. Ni dai har yau abin da na yarda da shi shi ne kashe shirin aka yi saboda yara sun fara faɗin gaskiya. Duk wanda ya san abin da ya faru don Allah ya yi mana bayani.

Maman Biyu Hanwa:
Wa alaikumus salam. Allah sarki, ka tuna mani da nisa. Ni lokacin ina amarya, a gidan surukaina muke kallo.

Auta Sabon Gari:
Yaya ni fa ban san shi ba, a wace shekara ka ce? 2018 ina aji uku na ƙaramar sakandare

Mai Kyamara:
Wa alaikumus salam Malam. Na daɗe ina karatu a zauren nan ban cika magana ba amma wannan kam dole in sa baki, don ni na riƙe kyamara ta biyu a shirin tun daga fitowa ta uku har aka daina, kuma ni nake tace hoton da daddare. Gsky ba wanda ya zo ya ce a rufe. Kuɗi ne suka ƙare. Abin da mutane ba su sani ba shi ne shirin ba na tashar ba ne, fili muka saya. Haka harkar take a yawancin tashoshinmu, kai mai shiri ka haɗa abinka da kuɗinka, ka kai masu, ka kuma biya kuɗin rabin awan da za su sa maka, kai kuma ka je ka nemi mai ɗaukar nauyi ko masu talla ka mai da kuɗinka. Kuma da kwata ake saye, kwata ɗaya mako 13 ke nan, wata uku. Kwatar farko wata ƙungiya mai zaman kanta ce ta biya, suna da wani aiki na wayar da kan matasa, da aikinsu ya ƙare suka rubuta rahotonsu suka tafi. Kwata ta biyu furodusanmu ya ce ba za mu tsaya ba, ya sai da mashin ɗinshi, wani ɗan kasuwa ya yi alkawarin zai cika sauran, ya ba da na mako uku daga nan wayarshi ta daina shiga. Muka lallaɓa da bashi har fitowa ta 19, tasha ta ce sai an biya na baya. Shi ke nan. Mai maganin gargajiya ya zo da kuɗinshi a hannu aka ba shi filin.

Ɗan Ƙofar Doka:
To amma Mai Kyamara tsakaninka da Allah, bayan fitowar nan da aka yi kan shan kodin, maganin tarin nan da matasa ke buguwa da shi, ba a kira ku ba? Don mu a unguwa abin da ya zaga ke nan, wai wasu masu kemis sun kai ƙara.

Mai Kyamara:
An kira, ba zan ɓoye maka ba. Ba hukuma ba ce, mutane ne kawai masu jin an taɓa masu abinci. Kuma ɗaya daga masu ba mu ɗan talla ya janye bayan wannan makon, bai faɗi dalili ba amma mun gane. To ka ga in ka ce tsoro ya taimaka ba ka yi ƙarya ba, sai dai tsoron ta aljihu ya biyo. Da muna da kuɗin kwata biyu a ajiye da ba abin da kiran waya zai yi mana.

Wahalar da aka sha kuwa sai wanda ya gani. Ranar Laraba muke ɗauka a wani ɗakin taro da aka ara mana, fanka sai an kashe ta saboda ƙararta na shiga maik, ga fitilu biyu masu zafi a kan yara, a watan Afrilu fa, za ka ga hoda na narkewa a fuskar mai gabatarwa muna tsayawa tana gogewa da gefen mayafi. Maik ɗin wuya guda biyu gare mu kacal, sauran sai a miƙa na hannu daga wannan zuwa wannan, abin mamaki shi ya sa shirin ya yi tsari don ba ka magana sai maik ya zo hannunka. In an gama in kwana ina tacewa da ƙaramin janareta, Juma'a da sassafe in sa a filashi in shiga mota a Kwangila sai Kaduna, in miƙa in juyo in samu Juma'a a hanya. Sau ɗaya filashin ya ƙi buɗewa a kwamfutarsu na dawo Zariya na sake komawa a ranar.

'Yar Samaru:
Assalamu alaikum. Ni ina cikin waɗanda suka zauna a kan tabarmar nan, fitowar da aka yi kan lefe da tsadar aure. Ina aji biyu a jami'a lokacin. Abin da na faɗa ba wani abu ba ne, cewa na yi mu 'yan mata ba mu ne muke tsawwala akwati ba, yawanci gwaggonni da ƙawayen uwa ne ke ƙirga zannuwa suna cewa na gidan wane ya fi, yarinya tana ɗaki ba a ma tambaye ta ba, amma in aure ya gagara ita ake zagi da kwaɗayi. Wlh kafin a gama shirin wayar Mamanmu ta fara ƙara. Gwaggona ta cikin gari ta yi wata biyu ba ta amsa gaisuwata, wai na je na tona asirin dangi a talabijin duniya na kallo, alhali ban kira sunan kowa ba. Na yi kuka sosai a satin. Amma abin da ba zan manta ba Babanmu, mutum ne da ba ya doguwar magana da mu, ranar Talata da aka maimaita ya zauna ya kalla har ƙarshe bai ce komai ba, da safe zan fita lakca ya kira ni ya ce Uwata abin da kika faɗa haka yake. Da aka zo auren yayata bayan shekara ɗaya shi da kanshi ya aika ma dangin mijin cewa su kawo abin da ya sawwaƙa kuma ba za a buɗe akwati a gaban taro ba. Ni dai ban yi nadamar zuwa ba ko kaɗan.

Maman Biyu Hanwa:
Kai 'yar uwa ashe ke ce mai shuɗin hijabin nan! Wlh na tuna ki. Surukata ta ce yarinyar nan bakinta da kaifi, amma ta yi dariya ta ce ai ba ta yi ƙarya ba.

Baban Tudun Jukun:
Salamu alaikum 'ya'yana. Jikana ne ya sa ni a zauren nan kuma shi ke taya ni rubutu in idona ya gaji. Na koyar a firamare shekara 35 kafin in yi ritaya, saboda haka yara ba baƙina ba ne. Na kalli shirin da kuke magana, ba duka ba, kuma zan faɗa maku ra'ayina ko da ba zai yi maku daɗi ba. Akwai abin da ban so ba. Yaro ɗan shekara 20 ya zauna yana cewa iyayenmu sun gaza, malamanmu sun gaza, babu babba ko ɗaya a wurin da zai ce mashi dakata ga yadda abin yake. Abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Akwai makon da aka yi maganar satar jarrabawa wani yaro ya ce malamai ne ke sai da amsa, ya yi kuɗin goro, na ji zafin wannan har zuciyata domin na san malaman da suka mutu ba su da ko kangon gida saboda sun ƙi cin haram. Da an ajiye dattijo ɗaya a gefe da shirin ya fi nauyi, wataƙila ma da masu kuɗi sun fi sakin jiki su tallafa.

Ɗan Ƙofar Doka:
Baba Allah ya ƙara girma, ina neman afuwa amma a nan zan ɗan saɓa maka. Duk shirin da aka ce na matasa ne a ƙasar nan in ka kunna za ka ga Farfesa ne ko Malam ko wani Honarabul yake magana minti 25, matasan suna zaune a baya kamar ɗalibai, a ƙarshe a ba mutum biyu dama su yi tambaya. Wa zai iya cewa ina shan kodin a gaban sa'an babanshi? Wa za ta iya maganar lefe a gaban sa'ar gwaggonta? Rashin babba a kan tabarmar nan shi ne shirin, manyan ai suna nan, suna falo suna kallo, kamar yadda kai ma ka kalla har ka riƙe abin da yaron ya faɗa shekara da shekaru. Yaron ya yi kuskure da ya haɗa malamai duka, na yarda, amma in ban manta ba a wurin wata yarinya ta ce mashi babanta malami ne ya janye maganar, kuma ya janye.

Baban Tudun Jukun:
Haka ne ɗana, ta faɗa mashi, na tuna. Ban ce kada yara su yi magana ba. Garin nan ai da maganar talaka aka san shi. A nan Zariya aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, Malam Abubakar Imam yana edita, kuma iyayenmu sun ba mu labarin yadda mutane ke rubuto wasiƙa daga ƙauyuka ana bugawa, wanda ya iya karatu ya karanta ma waɗanda ba su iya ba a dandali. Talabijin kuwa tun 1962 aka buɗe ta Kaduna zamanin Sardauna, muna samari gida ɗaya ne a layinmu ke da ita, mu taru a ƙofar ɗaki a tsaye. Abin da nake so ku riƙe shi ne mai gyara yana da amfani. Jaridar can tana da edita, shirinku ma yana da mai tacewa, ga shi nan ya faɗa da bakinshi.

Mai Kyamara:
Gaskiyar Baba ce wannan. Awa ɗaya da rabi muke ɗauka mu fitar da minti 26. Duk inda aka kira sunan mutum ko unguwa a mummunan abu sai na yanke.

Auta Sabon Gari:
Ni fa da girmamawa ga kowa amma ban ga abin kuka a nan ba. Wa ke kallon talabijin yanzu? a gidanmu tibi ɗin sai ranar ƙwallo ko in Mama za ta kalli wasan Hausa, dikodar ma wata biyu ba a sa mata kuɗi ba. Yanzu ba ka buƙatar tasha ba ka buƙatar kwata ba ka buƙatar zuwa Kaduna da filashi, waya ɗaya da data da fitilar zobe shi ke nan ka buɗe naka shirin a YouTube ko TikTok ko Facebook kuma ɗan Zariya da ke Legas ko Saudiyya ma zai gani, ba mai maganin gargajiyar da zai ƙwace maka fili. Ni a ganina gara da ya mutu, zamaninshi ne ya wuce

Maman Biyu Hanwa:
Auta ƙanina ka tsaya ka ji. Abin da kake kallo a wayarka Babanku na gani? Mamanku na gani? Kai kaɗai ne da abin kunne a ɗaki. Matasa su yi ma matasa magana ai kullum ana yi a majalisa da wurin mai shayi, ba sabon abu ba ne. Shi wancan shirin a tsakiyar falo yake faɗowa, uba na kan kujera uwa na tsince shinkafa ƙanne na ƙasa, yarinya ta faɗi abin da 'yar gidan ta shekara tana son faɗa ba ta iya ba. Ka ji abin da 'Yar Samaru ta ce game da Babansu ai. A gidan surukaina bayan kowace fitowa sai an yi gardama har a kira magariba, maigidana da ƙannenshi da tsohuwa kowa da nashi, ni amarya ina gefe ina jin halin kowa a bagas. Yau yarana biyu in na ba su waya kowa kusurwarshi yake nema.

Auta Sabon Gari:
Toh Anti wannan kuma ban yi tunaninshi ba gsky. Amma ai ana iya tura ma iyaye a WhatsApp

Maman Biyu Hanwa:
Ka tura ma Babanku bidiyon da ake cewa iyaye na da laifi ka ga yadda za ku ƙare. In tibi ce ta kawo ba wanda za a ce ya yi rashin kunya.

Malam na Gyallesu:
Salam. Na bi muhawarar tun daga sama. Bari in ƙara wani abu a kan bayanin Mai Kyamara don kada a ɗora ma tashoshi laifin duka. Har zuwa 1992 gwamnati ce kaɗai ke da rediyo da talabijin a Najeriya, a shekarar aka kafa hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin aka ba 'yan kasuwa damar buɗe nasu. Tun daga nan tashoshi, har da na gwamnatin, sun dogara sosai da talla da sai da fili. Ga kuɗin lasisi, ga albashi, ga man gas na janareta wanda a 2022 ya ninka fiye da sau biyu, har a watan Agustan shekarar hukumar ta sanar da soke lasisin tashoshi 52 saboda bashi kafin daga baya ta dakatar da matakin. A 2020 kuma an ɗaga tarar kalaman ƙiyayya daga naira 500,000 zuwa miliyan 5. To manajan tasha da ke cikin wannan hali in aka ajiye mashi shiri biyu, ɗaya na yara masu magana ba a san abin da za su faɗa ba kuma ana bin su bashi, ɗaya na mai kuɗi a hannu, kun san wanda zai ɗauka. Manyan kamfanonin da ke da kuɗin talla kuma ofisoshinsu na Legas, shirin Hausa na gari ɗaya ba ya cikin lissafinsu. Arewa24 da ta fara a 2014 ta nuna cewa akwai masu kallon shirin Hausa na zamani da yawa, amma ita da tallafi daga waje ta tashi, ba da mashin ɗin furodusa ba.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne Zariya ba ta rasa masu iyawa ba. A jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru akwai sashen koyon aikin jarida, akwai sashen wasan kwaikwayo mai dandalin nan na ginin ƙasa, inda tun shekarun 1980 ɗalibai ke shiga unguwanni da ƙauyuka su ji matsalar mutane su mai da ita wasa a yi a gabansu a tattauna. Ga reshen jami'ar na Kongo, ga kwalejin kimiyya da fasaha ta Nuhu Bamalli, ga kwalejin ilimi. Duk shekara ana yaye yara da suka iya kyamara da gabatarwa sai su tafi Kaduna da Kano da Abuja. Masu kuɗin garin kuma za su kashe miliyoyi a biki ɗaya amma kwata ɗaya ta shirin yara ta gagare su.

Ɗan Ƙofar Doka:
Malam ka taɓo inda ke mani ciwo. Bari in faɗa maku dalilin da ya sa shirin nan ya tsaya mani a rai, ban taɓa faɗa a fili ba. Fitowar kodin ɗin nan, ta zo ne 'yan makonni bayan rahoton BBC da ya sa gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a farkon watan Mayun 2018. Kowa na maganar a rediyo amma duk likitoci ne da jami'ai. Su kuwa sai suka kawo yaro ya juya ma kyamara baya, hula ce kawai da ƙeyarshi ake gani, ya ce shi ba don daɗi ya fara ba, ya gama sakandare shekara uku yana zaune, ya yi jarrabawar shiga jami'a sau biyu bai samu ba, kullum da safe in ya fito sai a ce ga ƙaton banza, in ya sha kwalba ɗaya a cikin lemo sai ya yi barci ranar ta wuce. Ya ce yanzu da aka hana kwalbar ta yi tsada abokanshi sun koma tiramol. Muna zaune ni da Innarmu da ƙanina mai bi mani, wanda duk gidan mun san yana sha amma ba mai iya furtawa sai dai faɗa da gori. Ina kallonshi ta gefen ido ya sunkuyar da kai yana murza yatsun ƙafarshi a kan leda. Inna ta ajiye tiren da ke hannunta ta ce mashi kai ma haka kake ji? Bai amsa ba sai hawaye. A daren nan suka yi magana har ɗaya na dare, sati na zagayowa muka kai shi asibiti ɓangaren masu irin wannan matsala, an sha wuya ya koma sau biyu amma yau shi ne yake da shagon gyaran waya da yara uku a ƙarƙashinshi. Shi ne ma wanda na ce ya shigo da waya jiya. Shi ya sa da na kunna na ga tallan magani a filin na ji kamar an yi mani sata.

'Yar Samaru:
Allahu akbar. Allah ya ƙara shirya mana, ya tsare shi.

Baban Tudun Jukun:
Ɗana wannan labari naka ya sa na yi shiru. Allah ya yi ma mahaifiyarku albarka, ita ta yi aikin.

Auta Sabon Gari:
Yaya Allah ya ƙara mashi lafiya. To yanzu ina za a samu a kalla? na duba YouTube ban ga komai ba

Mai Kyamara:
Nan ne inda nake jin nauyin amsawa. Tasha ba ta ajiye ba, in an sa an gama sai a goge a sa wani. Namu kwafin yana kan wata ma'ajiyar kwamfuta guda ɗaya da muke aiki da ita, da shirin ya tsaya muka koma ɗaukar biki don mu biya bashi, wuri ya cika, aka riƙa goge tsofaffin ana zuba na kamu da na dina. Lokacin ba wanda ya yi tunanin wata rana za a nema. Ina jin akwai guda biyar ko shida da na kwafa a tsohuwar laftof ɗina, ciki har da na siyasa da muka yi bayan an sa hannu a dokar rage shekarun takara a ƙarshen Mayun 2018, wadda ta mai da na majalisar wakilai da ta jiha daga 30 zuwa 25, na shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35. A nan ne ɗan acaɓan da Ɗan Ƙofar Doka ya ambata ya ce an rage shekaru amma ba a rage kuɗin fom ba. Laftof ɗin tana gidan yayana a Dogarawa, cajarta ta lalace.

Auta Sabon Gari:
A kawo ta! ni zan buɗe shafi in ɗora duka, in yanka gajeru gajeru na TikTok, wlh za su tafi

'Yar Samaru:
Auta dakata. In nawa na ciki ban yarda a yanka shi gajere ba. Lokacin da na yi magana na san Zariya da Kaduna ne za su gani sau biyu ya wuce. Yanzu ina da aure da yara, a ɗauko sakan 30 a ɗora a rubuta a sama wai budurwa ta caccaki iyaye, mutanen da ba su san farko ba ba su san ƙarshe ba su zo suna zagi a ƙasa, ba zan iya ba. In za a sa cikakke daga farko har ƙarshe zan yi shawara da maigidana. Shi kuma yaron da ya juya baya, muryarshi fa ba a canza ba, 'yan unguwarsu za su gane shi, wataƙila yanzu yana da iyali. Sai an neme shi an tambaye shi.

Malam na Gyallesu:
Maganarta ita ce daidai. Izinin da mutum ya bayar don talabijin a 2018 bai zama izinin intanet ba. A nemi kowa ɗaya bayan ɗaya, wanda ya ƙi a bar nashi.

Ɗan Ƙofar Doka:
Na yarda da wannan. Amma ni fa tsofaffin ba su ne babban burina ba, so nake a sake shimfiɗa tabarmar. Matsalolin sun ma ƙaru, yajin aikin jami'a na 2022 wata takwas yara na zaune a gida ba wanda ya tambaye su yadda suke ji, ga tsadar da ta biyo cire tallafin mai a 2023, ga cacar ƙwallo ta waya da ta cinye samarin layinmu, ga ƙwacen waya. Mu nawa ne a zauren nan? In kowa zai sa abin da ya sawwaƙa duk wata, sai mun tara kuɗin kwata biyu cif a hannu kafin a kunna kyamara, don kada a maimaita na baya. A sa a talabijin saboda falo, Auta kuma ya ɗora cikakke a intanet saboda na nesa.

Maman Biyu Hanwa:
Ina ciki. Amma a samu mutum uku masu riƙe kuɗin kuma a riƙa kawo lissafi nan duk ƙarshen wata, mun ga yadda irin wannan ke watsewa. Kuma a duba rediyo ma, ta fi araha kuma ko an ɗauke wuta tana aiki.

Mai Kyamara:
Rediyo ta fi sauƙi nesa ba kusa ba Hajiya, amma murza yatsun ƙafar nan da sunkuyar da kai ba a ganinsu a rediyo. Ni dai kyamara biyu da maik huɗu ina da su yanzu, ba zan karɓi ko sisi ba a kwatar farko. Zan tambayo kuɗin fili a tashoshi biyu in kawo maku a rubuce.

Baban Tudun Jukun:
Zauren gidana babba ne kuma ginin ƙasa ne, yana da sanyi ba sai an kunna fanka ba. Tabarmi ma akwai. Ku zo ku duba in zai yi. Ni zan zauna daga waje a kan benci, ba zan shiga ba, amma in an gama tacewa ina so in gani kafin a kai Kaduna.

Ɗan Ƙofar Doka:
Baba mun gode Allah ya saka da alheri. Maganar gani kafin a kai kuma sai mun zauna, don in ka ce a cire wani abu ba mai iya yi maka musu a cikinmu.

Baban Tudun Jukun:
To ku zo mu zauna ɗin. Bayan la'asar ina gida kullum ban da Alhamis.

Mai Kyamara:
Na kira yayana yanzu, laftof ɗin tana nan a cikin akwati. Malam gobe in Allah ya kai mu zan kawo ta shagon ƙaninka ya duba cajar, misalin ƙarfe goma. Ka turo mani kwatancen ta akwatin sirri.